Fitilar da Ba Ta San Dim Ba

Ranar Litinin, idan aka idar da sallar magariba kasuwar Shuwarin ta fara watsewa, hanyar Dutse da ta Kiyawa sukan cika da kowane irin abin hawa. Ga Golf da Sharon maƙare da fasinja, ga ɗan acaɓa da goyon mutum biyu da akuya a tsakaninsu, ga amalanken shanu yana tafiya a gefen kwalta cikin duhu, ba fitila gaba ba fitila baya. Can sai wani farin haske ya ɓullo daga nesa, kamar an kamo walƙiya an ɗaure ta a rufin Hilux. Direban Golf ya yi dim, ya ɗaga, ya sake yin dim, yana roƙo da yaren da kowane direba ya sani. Mai Hilux ma ya amsa, ya yi dim ɗin. Sai dai fitilun motarsa biyu na asali ne kawai suka sunkuya. Doguwar sandar fitila da ke bisa rufi tana nan daram, tana dallare duk wanda ya yi arba da ita.

Tsakanin direbobin dare, dim sallama ce. Ka rage, in rage, mu wuce juna lafiya. Tun zamanin da a-kori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504 ke jigilar gyaɗa da gero a ƙasar Dutse da Ringim, bayan kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, wannan ladabi yake tafe, kuma yaron mota yakan koye shi tun kafin a bar shi ya taɓa sitiyari. Sandar fitilar LED, yadda ake ɗaura ta a yawancin garejinmu, ba ta cikin wannan yarjejeniya. Makunninta daban, wayarta daban, ba ruwanta da abin da hannun direba ke yi a jikin sitiyari. Laifin kuwa na wayarin ne fiye da na fitilar, kuma gyaransa bai kai kuɗin rabin tankin mai ba.

Fitilar kanta abin yabo ce. A farkon shekarun 1990 ne wasu masana uku 'yan ƙasar Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da ƙwan LED mai shuɗin haske mai ƙarfi, wanda daga gare shi aka sami farin da ake gani yau a tocila da fitilun sola da waya. Aikin ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Motoci sun fara fitowa daga kamfani da fitilun gaba na LED wajen 2007, da Lexus, sannan Audi ta biyo baya. Kafin a ankara masana'antun China sun cika duniya da sanduna masu jerin 'yan ƙwayaye, daga mai tsawon taƙi zuwa wadda ta kai faɗin gilashin gaba. Tsohon ƙwan halojin na H4, wanda har yanzu shi ne a yawancin motocin haya, yana cin wat 55 a dim, wat 60 a ful, kuma hasken da yake bayarwa a dim bai wuce lumen 1,000 ba. Sandar LED matsakaiciya tana ninka wannan sau da yawa a kan wutar da ba ta fi ta ƙwayaye biyu ba.

Akwai kuma masu buƙatarta da gaske, kuma zalunci ne a yi kamar babu su. Jihar da ta samo sunanta daga jigayin rairayi ba duk hanyoyinta ne kwalta ba. Manomin da ke kwashe shinkafa daga fadamar Miga ko Jahun bayan faɗuwar rana, yana bin burtali mai ramuka da kututture, yana da hujja. Haka mai sayen riɗi da zoɓo da ke shiga ƙauyukan Gwaram da Buji, da ma'aikatan wuta da ke neman turken da iska ta kayar cikin damina, da 'yan sintiri, da motar da ta ɗauko mai naƙuda daga rugar da ba ta kan taswira. A irin wannan wuri ba mai zuwa ta gaba, sai jaki ko kare, kuma ƙarin haske yana iya raba mota da kwari. Ko a kan kwaltar ma tsoron direba ba na banza ba ne: tirela takan lalace a tsakiyar hanya ba wata alama sai ganyen da aka jera, garken shanu yakan tsallaka ba sanarwa.

Amma kwalta hanya ce ta mutum biyu, mai tafiya da mai dawowa.

Idon ɗan Adam idan ya saba da duhu, ƙwayarsa takan buɗe sosai. Idan haske mai ƙarfi ya buge shi farat ɗaya, sai ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya dawo daidai, kuma dattijo ya fi saurayi jinkirin farfaɗowa. Lissafin mai sauƙi ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan ido ya mutu na daƙiƙa uku kacal, direba ya yi tafiyar fiye da mita 60 a makance, fiye da rabin tsawon filin ƙwallo. A gudun kilomita 100, tafiyar ta haura mita 80. Cikin wannan tazara amalanken nan na Shuwarin yake, ko mai keke da buhun masara a baya. Direban da aka dallare yakan yi ɗaya daga cikin abu biyu: ko ya karkata gefe inda masu tafiya a ƙasa suke, ko ya bi hasken ba da saninsa ba, ya shigo hannun wanda ya dallare shi. Mai sandar ya sayi haske don ya tsira, sai ga shi ya makantar da wanda ke tunkaro shi da tan ɗaya da rabi na ƙarfe.

Fitilar mota ta asali an ƙera ta da wayo. Duk wanda ya haska dim a jikin bango zai ga hasken yana da baki, an yanke shi a miƙe daga sama, ya ɗan ɗaga ta dama don a ga gefen hanya, tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972. Wannan yanka shi ke hana haske shiga idon mai zuwa. Sandar LED ba ta da shi. Tana watsa haske sama da ƙasa, hagu da dama. Idan kuma aka ɗora ta a rufin Hilux, wanda tsayinsa ya kusa mita biyu, to tana kallon direban Golf daga sama, shi da idonsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai daga ƙasa ba.

Abin dariya, wanda ya ɗaura ta a rufin shi ma bai tsira ba, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Lokacin hunturu, idan hazo ya sauko Dutse har duwatsun da suka ba garin suna suka ɓace wa ido, iska cike take da ƙura. Fitilar da ke kusa da saitin idon direba tana haska ƙurar da ke gaban hancinsa, hasken ya dawo masa, sai ya ga farin bango maimakon hanya. Wani hasken kuma ya sauka a kan bonet, ya tashi ya cika gilashi. Ga shi yawancin Hilux ɗin ƙasar nan farare ne. Shi ya sa masu ƙera mota suke sa fitilar hazo can ƙasa a jikin bamba. Haka ƙurar take yi wa mai bin bayan tifa a hanyar da ba kwalta. Sandar rufi ta fi kyau a hoto, kuma mai wannan rubutu yana zargin cewa yawancin masu sayenta hoton suke saya, domin ta sa motar ta yi kama da ta ayarin manya.

Launi ma yana da nasa tasirin. Yawancin sandunan da ke kasuwa an rubuta musu 6000K ko 6500K, wato fari mai ratsin shuɗi. Halojin yana wajen 3200K, ya fi kusa da ruwan ɗorawa. Fari mai shuɗi ya fi sa ido ya ji zafi, ya fi gajiyar da direba a doguwar tafiya. Faransa ta wajabta fitilun mota masu ruwan ɗorawa tun shekarun 1930, ba ta janye dokar ba sai 1993. Masana sun yi ta jayayya a kan ko launin yana ƙara nisan gani, amma ba su cika musun cewa ya fi sauƙi a ido ba. Wanda zai yi aiki cikin ƙurar Jigawa, gara ya nemi mai 4000K zuwa 5000K, ko mai murfin ruwan ɗorawa da ake maƙalawa a cire.

A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, inda yawancin kayan motar da ake ɗaurawa a Dutse suke fitowa, abin da mai saye ke fara tambaya shi ne wat nawa ce. Wannan ita ce tambayar da kwali ya fi iya yi wa ƙarya. Masu ƙera na araha sukan ƙirga ƙwayayen, su ninka da iyakar abin da kowane zai iya ɗauka a takarda, su buga jimillar da manyan lambobi. Gwajin gaskiya yana hannun rewaya mai mita. Idan inji na aiki, wutar mota tana wajen bolt 14. Sandar da ta ce ita wat 300 ce ya kamata ta ja fiye da amfiya 20. Idan mita ta nuna 6, to wat 84 aka sayo a kwalin 300. Wannan ba lallai ya zama asara ba, domin wat 84 na LED ya ishi kowace hanyar gona, amma mutum ya san abin da ya biya.

Abin da ya fi wat muhimmanci yana bayan sandar. LED ba ya son zafi. Zafi ne ke dusashe shi, ya kashe ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya har sandar ta koma kamar bakin mai giɓi. Ƙarfen alminiyom mai haƙora da ke bayanta shi ke fitar da zafin, kuma a garin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, sandar da aka ɗaga aka ji ba nauyi ba za ta ga bazara biyu ba. Araha ba ta ado. Sai a duba lambar IP. Idan an rubuta IP67, shidan na nufin ƙura ba ta shiga, bakwai ɗin na nufin za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin sa'a. Wanda ya ga yadda ruwa ya mamaye hanyoyin jihar a ambaliyar 2022 ya san amfanin lamba ta biyu. Sannan akwai mai harba haske siriri zuwa nesa, akwai mai baza shi kusa, akwai mai haɗa biyun. Mai tafiyar kilomita 30 a sa'a cikin gona ba ya buƙatar ganin abin da ke rabin kilomita gabansa. Gefen hanya yake son gani, don haka mai bazawa ce tasa, gajera, a jikin bamba, ba tare da ta toshe wa lagireto iska ba.

Sai a zo wurin rewaya, inda ake yin ta ko a ɓata ta. Aikin gaggawa da aka saba gani shi ne a jawo siririyar waya daga kan batir, a bi da ita ta ramin da aka huda da ƙusa, a kai ta ga ɗan makunni a gefen sitiyari, a naɗe mahaɗa da baƙin salatif. Ba fiyus, ba rile. Sandar wat 120 ta gaskiya tana jan amfiya 10 a bolt 12. Siririyar waya takan yi zafi da wannan nauyi, robarta ta yi laushi, gargadar hanya ta goga ta da ƙarfen bodi, ranar da ta fashe kuwa batir zai zuba duk ƙarfinsa a wurin. Motar da ke ɗauke da harawa ko jarkokin fetur ba ta buƙatar fiye da haka.

Aikin kirki ba shi da wuya. Fiyus ya zauna kusa da kan batir, tazarar da ba ta fi taƙi ɗaya ba, ƙarfinsa ya ɗan ɗara abin da sandar ke ja, misali na amfiya 15 ga mai jan 10. Waya mai kauri, aƙalla milimita 2.5, ta tashi daga fiyus zuwa rile, ɗan baƙin akwatin nan da ke ɗaukar nauyin wuta a madadin makunni, daga nan zuwa sandar. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Tsohuwar mota mai raunin alteneta kuwa a gwada cajinta tukuna, kada a wayi gari ana turi.

Waya ɗaya ce ta rage, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Rile yana buƙatar 'yar wuta kaɗan da za ta umarce shi ya buɗe. Yawancin rewayoyi daga batir suke ɗauko ta kai tsaye. Idan aka ɗauko ta daga wayar ful ta fitilar mota, ta bi ta makunni kafin ta isa rile, sandar ba za ta taɓa kamawa ba sai an kunna makunnin kuma fitila tana kan ful. Da direba ya taɓa dim, sai ta mutu tare da ful ɗin, ba sai ya lalubi wani maɓalli cikin duhu ba. Ƙasar Ostareliya, inda manoma da masu haƙar ma'adinai ke tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin daji da dare kuma kusan kowace a-kori-kura tana da ƙarin fitila, haka dokarta ta tanada: ƙarin fitilar tuƙi ta yi aiki tare da ful kaɗai, ta mutu idan aka yi dim. Ƙa'idar ƙasashen Turai ma haka take. Jihar Kaliforniya ta Amurka ta ƙara da cewa fitilar daji sai an rufe ta da murfi muddin mota tana kan babbar hanya. Ba su hana manomi haskensa ba, kuma ba su bar shi ya zuba shi a idon jama'a ba.

Akwai wani abu da ya shafi a-kori-kura musamman. Idan aka loda mata buhu ashirin na riɗi, bayanta yakan zauna, hancinta ya ɗaga, sai ko dim ɗinta ya koma kallon sama. Motoci da yawa suna da ɗan abin murzawa kusa da sitiyari mai lamba 0 zuwa 3, wanda aikinsa sunkuyar da fitila idan an yi lodi, amma direbobi ƙalilan ne suka taɓa murza shi. Ga kuma sabuwar al'adar cire ƙwan halojin a cusa na LED a gidan da ba don shi aka ƙera ba, wanda sau da yawa yakan rushe yankan nan na sama. Wannan ya yaɗu har a adaidaita sahu da babura, kuma cikin garin Dutse, a titin Sani Abacha da hanyar Kiyawa inda fitilun kan titi ke ci, ba a rasa mai tafe da sandarsa a kunne kamar yana farautar zomo.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tafiyar dare da kuma ƙarin fitilu marasa ƙa'ida, kuma saɓa dokar fitila yana cikin laifuffukan da take cin tara a kai. Sai dai sintirinta ya fi yawa da rana, lokacin da sandar take kashe, ba ta cutar da kowa. Tsayar da mota a kwance mata fitila a bakin hanya yana jawo rigima da roƙo da kiran waya, washegari kuma a sayo wata. Inda ya fi dacewa a kama zaren shi ne gareji. Rewayoyin Dutse da Birnin Kudu da Jahun ba su da yawan da za a kasa tara su a zaure ɗaya, kuma makanikai suna da ƙungiyarsu ta NATA, direbobi suna da NURTW. Yini guda na bita a kan fiyus da rile da wayar ful zai yi abin da shingen hanya na wata shida ba zai yi ba. Jami'an VIO kuma, lokacin duba lafiyar mota, gwajin ba zai ɗauke su minti ɗaya ba: a kunna sandar, a ce direba ya yi dim, a ga ko ta mutu.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, don haka gwamnati ta fara da nata. Kaso mai tsoka na Hilux ɗin da ke yawo tsakanin Dutse da ƙananan hukumomi 27 na jihar motocin ma'aikatu ne da na jami'an tsaro da na 'yan kwangila, kuma su ne ƙaramin jami'i ba ya iya ɗaga wa hannu. Takarda ɗaya daga ofishin da ke kula da motocin gwamnati ta isa a gyara wayarinsu duka. Direban haya da ya ga motar manya ta yi masa dim na gaskiya zai fi saurin kai tasa gareji.

Amalanken kuma yana da nasa rabon. Rabin abin da ke tura direbobi sayen sanda tsoron abin da ba ya nuna kansa ne a hanya. Salatif mai ƙyalli, irin ja da fari ko ruwan ɗorawa da ake liƙa wa tireloli, yana mayar da haske kai tsaye ga fitilar da ta haska shi, har a hango shi da dim daga nisan da katako tsirara ba zai taɓa bayyana ba. Mita ɗaya ta ishi bayan amalanke guda. Masu amalanken da ke cin kasuwar Shuwarin ranar Litinin, da na Gujungu ranar Lahadi, wuri ɗaya suke ɗaure shanunsu tun hantsi har la'asar, kuma liƙa wa kowane ɗaya ba zai wuce minti biyar ba.